Neman shawara: In hana kalkuleta a ajina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare a Jega. Yaran da ake kawo mana aji 1 yanzu, ka tambayi 7 sau 8, sai ka ga ana lalube jaka ana neman kalkuleta. Abin da ya fi damuna, yarinyar da ke tallar gyaɗa ba ta taɓa kuskuren canji a kasuwa, amma ka rubuta mata wannan lissafin a allo sai ta yi tsuru. Ina so in hana kalkuleta a ajina zangon nan, wasu iyaye kuma na cewa ai ko WAEC ana shiga da ita. Me kuke gani?

Tsohon hedimasta, Argungu:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, hana ta, amma kada ka bar su hannu rabbana. Kowace safiya ware minti 5 na lissafin baki, su haddace jadawalin sau har zuwa 12. Sai dai hadda kaɗai ba ta isa. Koya musu yadda 'yan kasuwa ke yi: a ce mudun gero naira 1,950, mutum ya auni mudu 6. Ba mai awon da zai tsaya ninka 1,950. Zai ɗauke shi 2,000, ya samu 12,000, ya cire hamsin-hamsin shida, saura 11,700. Yarinyarka mai talla ta san wannan tuntuni, ba wanda ya taɓa gaya mata shi ne lissafin makaranta. Kira ta gaban aji ta nuna wa sauran.

Malamin Islamiyya, Yauri:
Malam, ga misalai a gidajensu. Manomi ya samu buhu 40 na shinkafar damina, zakkarsa ɗaya cikin goma, buhu 4. In da injin ban-ruwa ya noma, ɗaya cikin ashirin, buhu 2. Rabon gado ma haka: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni. Malamanmu da ka suke fitar da su.

Mai POS, Birnin Kebbi:
Ni ban goyi bayan hanawa kwata-kwata ba. JAMB ma akwai kalkuleta a fuskar kwamfutar, dole su iya ta. Amma yarona ya taɓa ƙara sifiri, ya tura 50,000 maimakon 5,000, bai ji komai a ransa ba don na'ura ce ta nuna. Sa su riƙa kintatar amsa kafin su latsa.

Wata uwa, Zuru:
Don Allah Malam banda bulala. Ɗana ya iya jadawalin a gida, tsoron duka ke sa ya manta a aji.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Aji 1 da 2 zan hana, aji 3 su kintata sannan su duba. Baba hedimasta, rabawa fa, ta ina zan fara musu da ka?