Awon ciki ta waya ya isa a wannan lokaci na amai da gudawa?

Baban Hafsa: Assalamu alaikum. Ina wani ƙauye a wajen Ringim. Maiɗakina na da ciki wata shida, na fari ne. Tun da damina ta yi nisa amai da gudawa ya shigo garinmu, an kwantar da masu ciwon a rumfar asibitin da ake awo. Ma'aikaciyar ta ce mata su riƙa turo saƙon murya ta WhatsApp, tana amsawa da yamma. Hajiyata ta ce kada a kuskura a kai ta. Amma ƙafafunta sun fara kumbura, har takalminta na roba ya daina shiga. Wayar ta wadatar?

Ungozoma daga Gumel: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Waya na da amfani wajen tambayar abinci, tuna ranar shan magani, da kwantar da hankalin mai cikin fari. Amma ba ta auna hawan jini, ba ta duba fitsari, ba ta jin bugun zuciyar ɗan. Kumburin ƙafa kaɗai yakan zo da ciki, sai dai mai cikin fari ita muka fi tsoron jijjiga ta kama, kuma hawan jini kan ɓuya ba ciwo. A auna ta cikin makon nan. Idan fuska ko hannu suka kumbura, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko zubar jini, ko motsin ɗan ya ragu, kada ku tsaya turo saƙo, ku nemi mota. Akwai kuma Fansidar da ake ba ta duk wata saboda zazzaɓin cizon sauro, da maganin ƙarin jini, da allurar tetanus. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga mai ciki aƙalla sau 8.

Maman Sadiq: A gaya wa Hajiya da lallashi, kwalara ba a iska take ba, ta ruwa da abinci da hannu mara wanki take shiga. Mai cikin ta tafi da ruwanta dafaffe a gora da sabulu, kada ta ci komai a bakin asibitin. Lokacin kullen korona a 2020 ina da ciki, ta waya muke magana da malamar awo, amma mun tsayar da safiyar da zan je a auna ni in dawo kafin layi ya taru. In gudawa ta kama ta, a fara ba ta ruwan gishiri da sukari a kama hanya, rashin ruwa a jiki na taɓa ɗan.

Baban Hafsa: Allah ya saka da alheri. Na kira ma'aikaciyar, ta ce mu zo Talata da sassafe ta ƙofar baya. Yanzu zan shiga wajen Hajiya.