Neman kalmar Hausa: me za mu kira ƙwarin da ke faɗin lafiyar ruwa?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman taimakonku a kan kalmomin Faransanci guda biyu, macro-invertébrés da bio-indicateurs. Ina koyar da kimiyyar halittu a nan Yamai, kuma ina so darasin auna lafiyar ruwa ya fita daga aji ya shiga rediyo, inda mai lambu a bakin ƙoramar Gunti Yena da masunci a Saga za su ji shi da harshen da suke ciniki da shi. Bari in fara bayyana abin, don kada mu raɗa suna ba mu ga jaririn ba.

Hanya biyu ake bi a san halin da ƙorama ko kogi yake ciki. Ta farko awon sinadari. A ɗebo ruwa a kwalba, a duba ko ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa, shi ne pH, kuma ruwan sha ana son sa tsakanin 6.5 da 8.5. A duba nitrat, wanda takin zamani da ruwan masai ke kawowa; Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita. A duba oksijin da ke narke a ciki. Ruwa mai zafin digiri 30, irin namu na bazara, ba ya riƙe fiye da kamar miligiram 7.5 a lita, kuma in ya sauka ƙasa da 5 kifaye da yawa sun fara wahala. Awon nan yana da amfani ƙwarai, amma ruwa tafiya yake yi. In an tuttular da ruwan jima ko na rini da tsakar dare, kafin hantsi ruwan ya wuce, kwalbarka ba za ta gan shi ba.

Ta biyu ita ce ta kawo ni. Za ka shiga ruwa da koma mai ƙananan idanu, rabin milimita, ka kafa ta ta inda ruwa ke gangarawa, ka burkuta duwatsu da laka da ƙafa, abin da ya taso ya faɗa ciki. Sai ka juye a farin faranti mai ɗan ruwa, ka jira laka ta kwanta. Da farko kamar babu komai. Can sai ka ga wani ɗan tsinke ya fara tafiya: tsutsa ce da ta gina wa kanta gida da ƙwayoyin yashi tana jan sa. Ga wani siriri mai jela uku, da wasu ƴan ganyaye a gefen cikinsa suna kaɗawa, da su yake numfashi. Waɗannan ba sa zama inda oksijin ya yi ƙasa. In kuwa abin da ka gani jajayen tsutsotsi ne birjik suna murɗawa, da wata tsutsa mai doguwar jela da take miƙawa saman ruwa ta shaƙi iska, to ruwan ya sha ƙazanta. Jan nan ma na sinadarin jini ne irin namu, shi ke ba su damar rayuwa inda sauran suka mutu. Su makonni da watanni suke yi a wuri ɗaya. Kwalba baƙo ce da ta zo da rana ta tafi, su kuwa ƴan gida ne, abin da ya faru da dare a kansu ya faru.

To ga nema. Sunan jinsin gaba ɗaya, wato macro-invertébrés, da kuma sunan aikin da suke yi mana na nuna lafiyar ruwa, wato bio-indicateurs. Ga amsoshin da na samu, da abin da na mayar wa kowa.

Wani ɗalibin jami'a:
Malam, mu a darasi "halittu marasa ƙashin baya" muke cewa. Ba sai a ƙara "na ruwa" ba?

Ƙanena, ma'anar ta fita daidai, amma gwada faɗinta sau goma a shiri ɗaya ka ji. Kuma ka lura ta faɗi abin da ba su da shi ne kawai. A littafin aji a bar ta, a matsayin bayani. Ba ta yi suna ba.

Wata malama daga Tawa:
Malam, ƙwarin ruwa mana, me ya fi wannan sauƙi? Kada ka ce katantanwa da matsattsaku ba ƙwari ba ne. Wannan rabon na masu littafi ne. A bakin Bahaushe ƙwaro ya fi haka faɗi, har abin da ido ba ya gani in ya sa ciwo ana kiran sa ƙwaro. Sai dai ka tuna da mu a Adar. Ƙoramunmu in an yi ruwa su taho da ƙarfi, kwana kaɗan su koma yashi. Inda za mu yi aikin nan shi ne tabki irin na Tabalak da madatsun Majiya, kuma ƙwarin ruwan da ke kwance daban suke da na ruwa mai gudu. Kada a auna mu da mudun kogin Isa.

Malama, na karɓa hannu biyu. Ƙwarin ruwa ya zauna, in ana son a tsananta a ce ƙwarin ƙasan ruwa, tunda a laka da ƙarƙashin duwatsu ake samun su. Gyaranki na biyu ya fi na farko nauyi. Ma'aunin Faransa, IBGN, da ya fito a 1992 yana ba ƙorama maki bisa 20, an tsara shi ne a kan ƙoramun can. Afirka ta Kudu ta yi nata, SASS. Wanda ya ɗauko jadawalin wata ƙasa ya ɗora wa tabkin Sahel zai kira lafiyayyen ruwa maras lafiya, don kawai bai ga ƙwarin ruwan sanyi a ciki ba.

Wani ma'aikacin rediyo:
Kalma ta biyu fa? Ni na so "ƴan ruwa", gajere ne kuma da daɗin faɗi.

Yaya, kada mu kusanci wannan. Ka ce ƴan ruwa a bakin kogi, aljanu mutane za su ji, shirin ya koma wata hira. An kuma turo mini "ma'aunin ruwa" ta saƙo, amma wannan sunan ya riga ya tafi ga abin auna ruwan sama.

Wani dattijo ma'aikacin lafiya mai ritaya:
Ɗana, naka ya rage tsakanin "alƙalan ruwa" da "shaidun ruwa", kuma ina roƙon ka ka bar alƙalai. Alƙali hukunci yake yankewa, mai sauraro zai ɗauka in ƙwari sun ce ruwa lafiya lau to a sha. Ba haka ba ne. Ɗan baƙin ƙudan da ke kawo makantar bakin kogi a ruwa mai gudu mai wadatar iska yake hayayyafa. Shirin yaƙi da cutar a Afirka ta Yamma ya ɗauki daga 1974 zuwa 2002 ana zuba maganin tsutsarsa a koguna, ana kuma bin sauran ƙwari da kifaye ana dubawa kada maganin ya shafe su. Sai a Janairun 2025 aka tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ƙasa ta farko a Afirka. Haka katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, tana zaune lafiya a magudanan shinkafa, yara na fitsarin jini. Shaida abin da ya gani yake faɗa, a haɗa da sauran hujjoji.

Baba, Allah ya ƙara girma, ka raba gardama. Shaidun ruwa na ɗauka. Yana shiga jimla ba tare da an tura shi ba: mun je Gudel mun ɗebo shaidun ruwa, shaidun wannan magudana duk jajayen tsutsotsi ne. Yana kuma da tilo, a ce wannan ƙwaro shaidan ruwa ne. Abin da na fi so a cikinsa shi ne ya bar wa kwalba wurinta. Ƙwaro zai ce maka an cuci ruwan nan, ba zai faɗa maka ko maganin feshi ne ko ruwan masai ba, wannan sai sinadari. Batun sha kuwa awonsa na uku ne, na ƙwayoyin cuta, inda ake son kada a samu E. coli, ƙwayar cutar da ke zuwa daga kashi, ko ɗaya a mililita 100.

Saura rabon gida biyu. Waɗanda ke gudu da zarar ruwa ya ɓaci ina kiran su masu ƙyanƙyami, masu zama cikin datti kuma masu juriya. Zan kuma ja kunnen ɗalibai a kan launi: jan ruwan da kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke turo wa Yamai da damina laka ce, ba lallai guba ba, kuma a lokacin koma ba ta kama abin kirki saboda ambaliya ta share duwatsu. A jira ruwa ya ja baya.

Malama ta Tawa:
Masu ƙyanƙyami ya yi. Masu juriya kuwa ya yi kama da yabo, manomi zai ɗauka abin so ne a gan su da yawa. Ka ce masu son dauɗa, Malam, kowa zai gane ruwan da suka cika ba na wanke salati ba ne.

An gyara, Malama. Masu son dauɗa zan faɗa a rediyo.