Wa ya taɓa zuwa unguwar Musulmi ta Shi'an?

Mai_Kwantena:
Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda zan shiga Gwanzu sayo kaya, kuma wannan karon ina so in ɗan leƙa wani wuri kafin in dawo, don kullum daga otal sai kasuwa sai wajen loda kaya, har yau ban ga tsohon garin Chaina da idona ba. An ce min akwai wata unguwa a Shi'an mai tsofaffin gine-gine da abincin halal. Dan Allah wanda ya je ya faɗa min gaskiya, ta kai a yi mata wannan doguwar tafiyar? Kuma abincin mutum zai ci hankalinsa kwance?

Abu_Hanan:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wallahi ka je, ba za ka yi nadama ba. Sunan wurin Huimin Jie, garin kuma Xi'an suke rubuta shi in za ka nema a taswira. Daga Gwanzu jirgin sama bai kai awa 3 ba, akwai kuma jirgin ƙasa mai gudu in kana son ganin hanya. Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 2 ka sauka a tashar Zhonglou, ka taka kaɗan zuwa Hasumiyar Ganga wadda aka gina a 1380, bayanta titin Beiyuanmen ya fara, shimfiɗe da dutse, ko'ina hayaƙin gashi da masu kiran ciniki da fararen huluna.

Amma ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne babban masallacin da ke lungun Huajue. Sai ka ratsa wani siririn lungu cike da masu sayar da tsaraba kafin ka same shi, kuma in ba an faɗa maka ba ba za ka ce masallaci ba ne, babu ƙubba babu doguwar hasumiya, gini ne irin nasu na katako da rufi mai lanƙwasassun baki, tsakar gida bayan tsakar gida da itatuwa, kana tafiya yamma har ka isa ɗakin salla don alƙiblarsu yamma take. Ana cewa asalinsa tun 742 ne zamanin daular Tang, ko da yake yawancin ginin da ke tsaye yanzu na zamanin Ming ne. A cikin ɗakin sallar an sassaƙa Alƙur'ani a jikin allunan katako na bango. Ka daidaita zuwanka da lokacin salla Alhaji, ka bi jam'i tare da dattawan Hui ɗin nan, wato ƙabilar Musulmin unguwar, ba ka jin yarensu ba sa jin naka amma sallama ɗaya ta wadatar.

Maman_Iman:
Alhaji batun abinci kar ka damu, ka dai riƙa duba alamar 清真 a ƙofar shago, ita ce halal ɗinsu, sau da yawa a kan koren allo har da rubutun Larabci. Abin da ba zan yafe maka ba in ka dawo ba ka ci ba shi ne yangrou paomo. Za su miƙo maka kwano da gurasa mai tauri, kai da kanka za ka zauna ka gutsuttsura ta ƙanana-ƙanana da yatsu, kar ka yi gaggawa, in ka yi manya romon ba ya shiga ciki, sannan su karɓa su dafa da romon rago da siririyar taliya su kawo maka da tafarnuwa mai zaƙi-zaƙi da yaji a gefe. Akwai roujiamo ma, gurasa ce da dafaffen nama a ciki, a unguwar naman shanu ne ko na rago, amma a sauran gari yawanci da alade ake yi, to a kula sosai. Ruwan rumman kuma a gabanka ake matse shi.

Sadauki_77:
Ni fa ra'ayina ya ɗan bambanta. Babban titin nan ya zama na 'yan yawon buɗe ido, cunkoso ga tsada, shaguna da yawa abu ɗaya suke sayarwa. In abinci na gaske kake so ka kutsa ciki wajen Dapiyuan ko Sajinqiao da sassafe, can 'yan gari suke karyawa. Kuma kar ka kuskura ka je makon farko na Oktoba, hutun ƙasarsu ne, ko wurin sa ƙafa ba za ka samu ba.

Mai_Kwantena:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya wannan paomo ɗin har yawuna ya tsinke. To ƙananan shagunan suna karɓar tsabar kuɗi ko dole sai ta waya?

Abu_Hanan:
Kusan kowa da waya yake biya Alhaji, har mai gashin nama yana da lambarsa a rataye. Ka haɗa katinka da Alipay ko WeChat tun kafin ka tashi, ka kuma riƙe 'yan canjin yuwan ƙanana a aljihu, don in ka miƙa takardar 100 wani ba shi da canjin da zai ba ka.