Motata na nawa wajen tashi da safe, wa ya taɓa fama da irin wannan?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan motata tana wahalar da ni da safe. In na murɗa makulli sai ta ɗau lokaci kafin ta tashi, amma da rana bugu ɗaya take kamawa. Na sa sabon batir, ta yi lafiya kamar sati guda, abin ya dawo. Wannan ya ce kik ne, wato na'urar da ke juya injin in an murɗa makulli, wancan ya ce fulogi. Ba na son in ci gaba da sayen kaya a makance. Don Allah wanda abin ya taɓa samunsa ya faɗa mana yadda ya ƙare da tasa.

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin kowa ya ba ka magani, faɗa mana wace irin nawa take yi, don nawar iri biyu ce kuma ba gidansu ɗaya ba. Akwai wadda injin zai riƙa juyawa da ƙyar, kamar mai jan kaya a hawa, fitilun dashbod suna dusashewa. Wannan ta wuta ce: batir, kan batir, waya, ko kik. Akwai kuma wadda injin ke juyawa da ƙarfinsa, sai dai ya daɗe bai kama ba. Wannan ka nemi wajen mai ko tartsatsi. Shekarun da na yi a gareji, yawancin kuɗin da na ga an yi asara, daga rashin bambance waɗannan biyun ne.

Mai tambaya: Ta farkon ce, Baba. Juyawa take da nauyi.

Direban tasi: To Malam, saurari tawa. Batir biyu na saya cikin shekara ɗaya, ina ta zargin masu sayarwa, Allah ya yafe min. Ashe wayar da ta tashi daga kan batir na nagatif zuwa jikin injin ce ta ci tsatsa a cikin robarta. Daga waje lafiya lau take, sai da aka yanka aka ga koren gari. Abin da ya tona ta shi ne, wani ya ɗauko wayar jona batir ya haɗa daga nagatif kai tsaye zuwa ƙarfen injin, na murɗa, mota ta tashi kamar sabuwa. Gwajin minti biyu ne, ba ya cin ko sisi. Kik yana jan wuta mai yawa, sama da amfiya 100 ko a ƙaramar mota, shi ya sa 'yar tsatsar da rediyo ba zai ji ba, shi sai ta durƙusar da shi.

Mai zuwa aiki da ƙaramar mota: Ni tawa ta biyun ce, amma bari in faɗa ko wani zai amfana. Injin na juyawa sosai, sai na kai daƙiƙa shida ko bakwai ina riƙe da makulli. Ƙanena ya ce in riƙa kunna makulli zuwa inda fitilu ke kawowa, in jira in ji kukan famfon mai ya tsaya, in kashe, in maimaita sau uku, sannan in tayar. Da na yi haka, nan take ta kama. Da aka sa ma'aunin matsin mai, sai aka ga da an kashe mota matsin yake zubewa, bawul ɗin cikin famfon ba ya riƙewa, man yana komawa tanki cikin dare. Abin da ya ɓata min rai, kafin nan an sa na sake fulogi guda huɗu waɗanda lafiyarsu ƙalau.

Mai motar dizal: Hajiya, irin taki ta same ni, sai dai tawa hita fulogi ne, masu ɗumama cikin injin kafin a tayar, biyu cikin huɗu sun mutu. Lokacin sanyi kawai take yi, ta tashi tana karkarwa da farin hayaƙi. Masu dizal su lura da wannan.

Direban tasi: Ni dai har yanzu wayar batir nake zargi. In ba ita ba, to burushin kik ne ya cinye.

Mai gyaran wayar mota: Yallaɓai direba, ban ƙi taka ba, amma akwai abin da ya faɗa da ya tsaya min a rai: sabon batir ya yi sati guda lafiya, kuma da rana ba matsala. Kik mai ciwo ya fi nuna halinsa in injin ya yi zafi, nasa kuwa da zafin ma ya fi tashi. Wannan ya fi kama da batirin da ake zuƙe wa wuta cikin dare, ko wanda altaneta, mai yi masa caji in injin na aiki, ba ta cika shi. Malam, nemi mita mai auna wuta. Da safe kafin ka taɓa komai, auna kan batir: cikakke yana ba da bolt 12.6, in ka ga 12.2 to kusan rabi ya rage. Sa wani ya murɗa makulli kana kallo, kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In ta tashi, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. Na taɓa kwana biyu kan wata mota irin haka, ƙarshe fitilar cikin but ce ba ta mutuwa ko an rufe. Na sa wayar salula tana ɗaukar bidiyo a ciki na rufe, sannan na gani da idona.

Tsohon bakanike: Gaskiyar yaron nan. Ka kuma duba baƙin man da kake zubawa. Na ga masu zuba 20W-50 a injin da aka rubuta masa 5W-30, da sanyin safiya mai ya yi kauri, kik ya yi ta fama. Ba shi ne tushen taka ba a ganina, amma yana ƙara wa mai rauni nauyi.

Mai tambaya: Na dawo da labari, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na ari mita. Jiya da safe na samu 12.1, da ta tashi kuma 14.2, ke nan altaneta na aikinta. Na yi gwajin wayar da direba ya ce, ban ga bambanci ba. Da daddare, bayan na yi doguwar tafiya, sai na cire kan batir na nagatif na bar ta ta kwana haka. Yau da safe 12.6, na mayar, bugu ɗaya ta tashi. Sai yanzu na tuna an sa min amfilifaya, mai ƙara ƙarfin sauti, a but, kuma ba a daɗe da sa ta ba nawar ta fara.

Mai gyaran wayar mota: Alhamdu lillahi, ka kusa kama ɓarawon. Kada ka cire ta tukuna. A sa mita tsakanin kan batir da wayarsa, a rufe ƙofofi, a ba motar kamar rabin awa kwamfutarta ta yi barci. In abin da ake ja ya wuce miliamfiya 50 sosai, a zare fis ɗin amfilifayar a ga ko zai faɗi. Kuma ka kai batirin a yi masa cikakken caji, don kwanan da ya riƙa yi a rabi ya taɓa shi.