Ƙanena ya gama digiri yana tuƙa adaidaita: ina arzikin da ake cewa ilimi na kawo wa ƙasa?

Baban Khalifa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Jama'a, wani abu ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masu sani su warware mini.

Ni hatsi nake saye da sayarwa a kasuwar Dawanau, karatuna bai wuce sakandare ba. Da mahaifinmu ya rasu, Allah Ya ji ƙansa, ni na ɗauki nauyin karatun ƙanena har ya gama jami'a. Akwai shekarar da na karyar da riɗin da na ajiye tun kaka, tun bai yi kuɗi ba, don kawai in biya masa rajista. Ban taɓa yi masa gori ba kuma ba zan yi ba. Yau shekara huɗu ke nan da gama bautar ƙasarsa. Adaidaita sahun da na saya yake tuƙawa, da magariba ya kawo mini balas, kwalin digirin kuma yana cikin akwatin Inna.

Shekaranjiya na ji wani masani a rediyo yana cewa ba man fetur ke azurta ƙasa ba, zuba jari a kan mutane ne, wato ilimi da lafiya da sana'a, har ya ba da misali da Koriya ta Kudu. Zuciyata ta yarda, idona kuma yana nuna mini wani abu daban. A layinmu kaɗai masu digiri biyar ne, ba mai albashi ko ɗaya. To jarin namu ina ya shiga? Ina tambaya ne saboda na tara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ina tsakanin in ƙara adaidaita ta biyu ko in kashe shi a karatun yarana uku.

Malama Uwar Biyu ta amsa:

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Allah Ya saka maka da alheri kan riƙon zumunci. Shekarata 22 ina koyarwa a firamare, don haka daga aji zan yi maka magana.

Masanin bai yi ƙarya ba, sai dai abin da muke kira jari a nan sau da yawa rajista ce da kayan makaranta, ba koyo ba. Ajina na bana yara 118 ne, fiye da rabi a ƙasa suke zama. Cikin 'yan aji biyar akwai waɗanda in ka rubuta "Audu ya tafi gona" a allo sai dai su kalle ka. Yaron nan za a tura shi sakandare a haka, a taimaka masa ya haye jarrabawa a haka. Ƙasa ta biya kuɗin shekara 12, yaro ya fito da karatun shekara uku ko huɗu.

Bankin Duniya yana da ma'aunin da yake auna wannan. A 2020 Najeriya ta samu 0.36, ma'ana yaron da aka haifa a nan zai iya samar da kashi 36 cikin 100 ne kawai na abin da zai samar da a ce ya samu cikakken ilimi da lafiya. Ka tuna kuma 2017, da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, sama da 21,000 suka kasa. Ni malama ce, abin ya yi mini ciwo, amma waɗannan malaman ma 'ya'yan irin wannan ajin ne.

Ba wai ba a ware kuɗi. Dokar UBE ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Jihohi da dama sukan bar kuɗin yana kwance saboda ba su kawo nasu ba. In an karɓa ma, an fi son gini da fenti, tunda shi ake buɗewa a ɗauki hoto.

Kafin ka yanke shawara, yau da dare ka zaunar da yaranka ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowa rubutu ya karanta maka da ƙarfi, ka ba shi lissafin buhu da kwano irin na kasuwarku. Kada ka dogara da sakamakon da makaranta ta rubuto.

Tsohon Ma'aikacin Kakuri ya amsa:

Malama, gaskiya kika faɗa, amma rabinta ce. Ɗana Baban Khalifa, saurari dattijo.

Na yi shekara 19 a wata masaƙa a Kakuri. Tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙa ta farko a Kaduna, wasu suka biyo baya. Mu an zuba mana jari na gaske. Ina da abokan da za su kwance injin saƙa gaba ɗaya su mayar da shi, wasu daga ƙarar inji suke gane inda ya samu matsala. Da wuta ta daina samuwa, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, sai masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Haka aka yi a Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Gwanayen nan wasu sun koma acaba, wasu gadi, da yawa sun rasu da iliminsu a ka, ba su koya wa kowa ba.

Koriyar da ake faɗa, bayan yaƙinsu na 1950 zuwa 1953 sun sa kusan kowane yaro a firamare, haka ne. Amma sun kuma raba gonaki ga manoma, sun kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968, gwamnatin Park Chung-hee ta riƙa ba kamfanoni bashi mai sauƙi da sharaɗin su sayar da kaya a ƙasashen waje. Yaro na fitowa daga makaranta, masana'anta na jiransa. Ƙanenka bai gaza ba. An shuka shi ne a inda ba a kai ruwa ba.

Ɗan Kwari ya amsa:

Baba, Allah Ya ƙara girma. Bari in ɗora a kan maganarka da ƙasar da ta fi kama da mu, domin Koriya ta yi mana nisa. Ni tufafi nake sayarwa, kuma rigunan da ke shagona da yawa an rubuta Bangaladash a wuyansu.

Ƙasar ta samu 'yanci a 1971 cikin yaƙi da talauci. A 1979 wani sabon kamfaninsu mai suna Desh ya tura mutum 130 Koriya, kamfanin Daewoo ya koya musu ɗinkin masana'anta: yanka, layin ɗinki, duba inganci, da yadda ake cika alkawarin mai saye a kan lokaci. Watanni kawai suka yi. Daga baya mafi yawansu suka bar Desh suka buɗe nasu kamfanonin ko suka jagoranci na wasu. Yau tufafi sun haura kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa, ma'aikata wajen miliyan huɗu, mata da yawa a ciki. A 1994 kuma gwamnati ta faɗaɗa ba 'yan matan karkara tallafin kuɗi don su zauna a sakandare, da sharaɗin zuwa aji da jinkirta aure. Ban ce aljanna ba ce. Albashin kaɗan ne, kuma a 2013 ginin Rana Plaza ya rufta ya kashe sama da mutum 1,100.

Abin da nake so ka gani, Yaya Baban Khalifa, mutum 130 ɗin nan an koya musu abin da akwai mai sayensa ne. Riɗin da kuke tarawa a Dawanau har Japan da Turkiyya da Sin ake kai shi. Masu fitar da shi suna neman wanda ya iya lissafi, takardun banki da na tashar jirgin ruwa. Kana da mai digiri a gida, kana da riɗi a rumbu, me ya hana ka haɗa su?

Anti Nas ta amsa:

Ni a asibitin ƙauye nake, ɓangaren awon ciki da rigakafi. Duk kun fara lissafi daga ranar shiga makaranta, alhali an riga an ci rabin wasan. Daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, kwana 1,000 ke nan, a nan ƙwaƙwalwa ta fi ginuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Wasu yaran Malama da ba sa ganewa, tun a goye aka cuce su. A Abuja shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alkawarin 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, har yau Gwamnatin Tarayya ba ta kai nan ba.

Malam, in akwai mai ciki ko mai goyo a gidanka, kai da ke sayar da gero da waken suya da gyaɗa, a soya a niƙa a riƙa dama wa yaro kunu daga wata shida, a haɗa da ƙwai da zogale.

Baban Khalifa ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Malama, na yi gwajin jiya bayan isha'i. Babbar ta karanta tiryan-tiryan, har ta gyara mini lissafi. Khalifa, ɗan aji huɗu, ya tsaya a layin farko yana haɗa baƙi da wasali, ya kasa wucewa. Na biya masa kuɗin makaranta shekara huɗu ban taɓa zaunar da shi ba. Barci bai ɗauke ni da wuri ba.

Na fasa sayen adaidaitar. Ɗan Kwari, na yi magana da ƙanena da safe, daga Asabar zai fara bina rumfa ya riƙe littafi, mu ba wani yaro tuƙin. Anti, auta wata takwas gare ta, na auno waken suyan na kawo gida.

Malama, saura ke. Khalifa zan canja wa makaranta, ko in samo malamin da zai riƙa zama da shi bayan la'asar? In malamin ne, da Hausa zai fara masa ko da Turanci, kuma minti nawa yaro ɗan shekara tara zai iya zama kullum?