Na kusa yin ritaya: in karɓi kwantiragi ko in buɗe ajin manya?

Tsohon Akawu: Assalamu alaikum. A ƙarshen wannan shekara zan ajiye aiki. Ma'aikatarmu ta nemi in ci gaba a kan kwantiragi da rabin albashina, amma zuciyata ta fi karkata ga buɗe ajin koyar da manya karatu da lissafi, wanda ba abin da zai kawo mini sai lada. Ba kasuwanci nake nema ba, kuma ciwon gwiwa ya hana ni aikin ƙarfi. Ku da kuka riga ni, wanne kuka ga ya fi riƙe mutum?

Na Gona: Malam, ka shiga noma da kiwo kawai, domin ƙasa ba ta yi wa kowa ritaya.

Baba Direba: Kada ka saurare shi. Irin wannan shawara ce ta sa na zuba kashi biyu cikin uku na kuɗin sallamata a kiwon kifi, na gina tankunan siminti, na ɗora ɗan ƙanena a kai saboda ya ce ya san aikin. Ashe ba ya sauya ruwa a kan kari, kuma yana sayar da rabin abincin a ɓoye. Wata safiya na tarar da kifayen sun taso sama, cikinsu fari, wari ya cika gidan, har maƙwabta suka fito suna toshe hanci. Asarar ta yi mini zafi, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wayata, wadda a da ba ta hutawa, ta koma sai ta yini ba wanda ya kira. Na shiga kiwon ne don in sami inda ake jirana da safe, sai na rasa kuɗin, na rasa zumuncin ƙanena kuma.

Na Gona: Allah ya mayar da alheri, Baba, amma an cuce ka tun a gini. Fanshon wata biyu ya isa a fara.

Hajiya Malama: Wata biyu ba ya ko sayen abincin zango ɗaya, ni ma na gwada. Sai dai mai tambaya bai ambaci kifi ba.

Ɗalibin Lafiya: Iyayena, a gafarce ni. Binciken da Jami'ar Harvard ta fara tun 1938, tana bin rayuwar mutane har tsufansu, ya nuna cewa kyakkyawar hulɗa da jama'a tana cikin manyan abubuwan da ke tsare lafiya da kwanciyar hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Ajin zai ba Malam mutane da dalilin fita, motsa jikin kuma a daidaita shi da gwiwarsa.

Baba Direba: Yaro, shekararka nawa a aiki? Wanda bai taɓa jiran fansho ba bai kamata ya koya mana zaman gida ba.

Hajiya Malama: Haba Baba, gaskiya ba ta da furfura. Ni ina koyar da mata karatu tun da na bar aji, kuma ranar da wata dattijuwa ta rubuta sunanta da hannunta, tana danna fensir har ya huda takardar, na ji abin da albashi bai taɓa ba ni ba. Sai dai kai mai tambaya, ka tabbatar fanshonka ya fara shigowa kafin ka ƙi kwantiragin.

Uwargida: Don Allah ku sama masa abin yi ko mene ne. Tun da maigidana ya yi ritaya ya zama mai binciken kuɗi a kicin, har ashana yake ƙirgawa.

Baba Direba: Fanshon da za a jira shi ne matsalar. Jamus ta kafa fanshon tsufa tun 1889, amma mu a nan har yau ana tara tsofaffi a layi domin tantancewa, a ce mu tabbatar muna raye. A zuwana na ƙarshe an ce hoton da ke fayil ɗina bai yi kama da ni ba.

Na Gona: Ni kuma sunana aka rubuta ba daidai ba, aka dakatar da biyana. Wa ya san takardun da ake nema kafin a gyara?

Tsohon Akawu: Na gode, amma ina da kwanaki kaɗan in ba su amsa game da kwantiragin.

Baba Direba: Na Gona, ka fara da takardar kama aiki ta asali, kwafi ba ya wucewa a wurinsu.