Rijiya ta bayar, guga ya hana: ta dace da marubuci?

Ƴar Rigasa: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina ɗauke da wani labari a kaina, ina so in shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa da shi, amma da na ɗauki biro sai komai ya tsaya cak. Na ce wa ƙawata rijiya ta bayar, guga ya hana. Ta ce ban ajiye maganar a muhallinta ba. Ku raba mana gardama.

Malamin Kawo: Wa alaikumus salam. Ƙawarki ta fi ki gaskiya, ƴata. Mutum uku ne cikin wannan karin magana: mai bayarwa, mai nema, da na tsakiya da ya tare. Maigida ya ce a ba ka, yaronsa ya danne. Ke kuwa rijiyar taki ce, gugan ma naki. To wa ya hana?

Telan Kasuwar Barci: Allah gafarta Malam, ni na ga inda ta dosa, sai dai laifin ba na guga ba ne. Akwai rijiya a gidan da na tashi a Tudun Wada. In aka yi wata guda ba a ja ba, ruwan har wari yake yi, ganyen darbejiya ya rufe samansa. Gugan farko dauɗa zalla, na biyu ma haka. Sai wajen na biyar za ka ga ruwa garau, kuma kana ja tana ƙara tsatsowa. Ina rubuta waƙa da dare bayan na rufe shago, kuma baitocin farko kusan kullum yagewa nake yi. Amma ban taɓa samun mai kyau ba tare da na bi ta kansu ba. Ƙanwata, ina jin gugan farko kike jin kunya.

Maman Ɗalibai: Kada dai a raina nazari. Akwai labarin da in ka yi masa gaggawa ɗanye zai fito.

Malamin Kawo: Haka ne, Hajiya, amma wata uku ya wuce nazari. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, Abubakar Imam ne edita. Ranar fitowar jarida ba ta jiran basira ta sauko wa mutum, dole shafi ya cika. Wadda ta dace da ke, ƴata, ita ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Maman Ɗalibai: Wannan ai ta neman abinci ce, Malam, ana faɗa wa malalaci. Yarinyar nan ba lalaci ke damunta ba, tsoro ne.

Ƴar Rigasa: Tsoron ne kuwa, Mama. Bayan sallar asuba na tilasta wa kaina shafi biyu. Na farko ban ma iya sake karanta shi ba. A na biyu ina kwatanta amarya tana jiran jirgin Abuja a tasharmu, sai ga wata tsohuwa mai kunu ta shigo, da zaninta ɗaure da canji a bakinsa. Ban taɓa tunaninta ba cikin wata ukun nan. Yanzu ina ganin labarin nata ne, ba na amaryar ba.

Telan Kasuwar Barci: Ki bi ta. Me ya fito da ita tasha a wannan shekarun?